Kallon fim da dangi: daga waya zuwa bangon tsakar gida

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Duk Sallah dangi na taruwa a gidan mahaifinmu da ke Anguwar Rogo, Jos. Bana ina so in haɗa mana kallon fim da dare, yara da manya. Wayata Tecno ce, talabijin ɗinmu kuma ba ta hawa intanet. Na sayo kebul na HDMI na jona, ko alamar hoto babu. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam. Da wuya laifin kebul ne. Ba kowane ramin caji na USB-C ke fitar da hoto ba, sai wayar da aka ƙera da fasahar DisplayPort Alt Mode, kamar manyan Samsung jerin S. Yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi, ramin nasu caji da tura fayil kawai yake yi, ko kebul goma ka canza.

Ni dai shawarata, ka cire waya daga lissafi. Nemi filashi, ka zuba finafinan tun da rana, ka soka a ramin USB na bayan talabijin. Babu cin data, babu kiran da zai shigo ya katse kallo ana tsakiyar dariya. Amma ka lura: filashin da aka tsara ma'ajiyarsa da tsarin da ake kira FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya wuce 4GB, kuma tsofaffin talabijin sun fi jituwa da fayil ɗin bidiyo nau'in MP4. Wani fayil na MKV zai buɗe, hoto ya fito tar, murya kuwa shiru. Saboda haka a gwada kowane fim kafin magariba, ba sai Baba ya zauna an shimfiɗa tabarmi ba.

In taron ya yi wa talabijin yawa, sai majigi. Farin bango ko farin zanin gado ya wadatar, muddin an kashe fitilu. Kada lambobin da aka zuba a jikin kwali su ruɗe ka, tambayi ANSI lumens, shi ne ma'aunin haske na gaskiya. Sifikar ƙananan majigi ba ta da ƙarfi, don haka ka jona babba da kebul ɗin sauti na aux. Bluetooth kan sa baki ya riga murya motsi. A tanadi inbata ko janareta, in kuma Sallar ta faɗo lokacin sanyi, kai ma ka san daren Jos.

Tambaya: Malam, aiki ya kawo ni Kubwa, Abuja, Mama tana Jos. Da can tare muke kallon finafinan Hausa. Akwai yadda za mu ci gaba?

Amsa: Akwai, Hajiya. Manhajar Teleparty na daidaita kallo tsakanin mutane biyu ko fiye a Netflix da YouTube, har a riƙa hira a gefe. Sai dai ya fi aiki a kwamfuta, kuma a Netflix kowa sai da nasa rajistar, ga cin data da kan kai 1GB a awa guda ko da matsakaicin hoto ne. Ga Mama, wannan wahala ce.

Abin da ya fi sauƙi, ku zaɓi fim ɗaya a YouTube, wani yaro a gida ya kunna mata a talabijin ko wata wayar, a rage ingancin hoton zuwa 480p don rage cin data. Ke kuma ki kira ta da murya ta WhatsApp, ku ƙirga uku ku danna tare. Ki sa abin kunne, don kada sautin fim ɗinki ya riƙa komawa wajenta.