Prison Break da ainihin zaman gidan kaso

Ɗan'uwa, ka tambaya ko abin da Prison Break, fim ɗin Amurka mai dogon zango, ke nunawa haka gidan kaso yake. Ginin dai na gaske ne, domin a tsohon kurkukun Joliet na Amurka, wanda aka rufe a 2002, aka ɗauki zangon farko da ya fito a 2005. Maganar zanen taswirar kurkukun da jarumin fim ɗin ya yi a jikinsa kuwa, wannan shiri ne kawai.

Ni nan Maradi na yi watanni ina kai wa ƙanena tuwo yana tsare. Sai mai gadi ya sa cokali ya juya miyar kafin kwanon ya shiga. Abin da ke cin ran ɗan kaso jira ne, jiran shari'a da jiran mai ziyara. Ran da na makara, ko kwanon bai kalla ba, lafiyar Inna ya fara tambaya.

Ka kalli fim ɗin, amma ban da yara, akwai zubar da jini.