Siyasar Musk ce ta kashe kasuwar motocin lantarki?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko shigar Elon Musk siyasa ce ta sa motocin lantarki suka daina tafiya a kasuwa. Ni a ganina, kamfaninsa na motocin lantarki, wato Tesla, siyasar ta cutar, ba kasuwar gaba ɗaya ba.

Musk ya kashe sama da dala miliyan 250 wajen goyon bayan Trump a 2024, sannan ya fito fili ya mara wa jam'iyyar AfD mai tsattsauran ra'ayin riƙau baya a Jamus. Masu sayen Tesla tun asali da yawansu masu damuwa da muhalli ne, kuma ba sa ɗasawa da wannan tafiyar. Shi ya sa a 2025 cinikin Tesla ya faɗi warwas a Turai, alhali na sauran kamfanoni yana hawa.

Amma babbar matsalar ita ce kuɗi, kuma nan ne abin ya fi ci min rai. Kamfanonin Amurka sun fi son ƙera manyan motoci masu tsada saboda ribarsu ta fi tsoka. Rangwamen haraji na dala 7,500 da gwamnati ke ba mai saye ya ƙare a ƙarshen Satumban 2025. Jamus ma ta soke nata tallafin a Disambar 2023, ciniki ya ja baya nan take.

Motoci masu araha suna nan. Kamfanin motoci na BYD na China yana sayar da motarsa mai suna Seagull kusan dala 10,000 a gida, sai dai Amurka ta ɗora wa motocin lantarkin China harajin kashi 100, don haka mai ƙaramin ƙarfi a can ba ya ko ganinsu.