Amsa: Me ya sa siririn CrI3 ɗina ba ya fitar da haske?

Ɗan'uwa, idan na fahimce ka, ka ɓare CrI3 (sinadarin kuromiyom da aidin mai maganaɗisu, wanda ke zuwa shimfiɗa-shimfiɗa) har ya kai shimfiɗa ɗaya, ka haska masa leza, amma ba ka ga komai ba, kana tambaya ko samfurin ne ya lalace ko awon ne da matsala.

Fara duba iska. CrI3 ba ya jure danshi ko kaɗan, haske kuma yana ƙara saurin lalacewarsa. In ba a cikin akwati marar iska ka ɓare shi ka lulluɓe da hBN (siririn sinadarin boron da naitirojin da ke kare shi daga iska) ba, wataƙila ya riga ya tafi.

Sai na'urar gani. Hasken yana wajen 1.1 eV (ma'aunin kuzarin haske), ƙasa da ja, inda ido ba ya gani, kyamarar silikon ma da ƙyar take kama shi. Nemi na'urar gani ta InGaAs, wadda ke kama irin wannan hasken. Hasken mai rauni ne dama, domin daga lantarkin da ke maƙale a jikin kuromiyom yake fitowa.

Abin da ya fi burge ni shi ne hasken yana murɗawa dama ko hagu gwargwadon inda maganaɗisun CrI3 ɗin ya fuskanta. Amma sai an sanyaya shi ƙasa da Kelbin 45 (tsananin sanyi), kamar yadda aka nuna a Jami'ar Washington a 2017. A shimfiɗa biyu kuwa maganaɗisunsu kishiyantar juna suke yi, murɗin ya ɓace har sai filin maganaɗisu ya kusan tesla 0.7 (ma'aunin ƙarfin maganaɗisu). Kada ka ɗauka samfurinka ne ya mutu a nan.

Aikin sanyaya da ruwan hiliyom kada ka yi shi kai kaɗai, ka nemi ƙwararren ɗakin gwajin. In akwati marar iskan ya gagara, gwada CrSBr, wani sinadarin kuromiyom mai shimfiɗa-shimfiɗa, ya fi jure iska.