Amsa ga Anti: me ya haɗa hayaƙi da ciwon gaɓoɓi?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Abin zai yi tsawo a rubuce, shi ya sa na ce bari in yi murya. Anti, na ga tambayarki tun da rana. Kin ce likita ya gaya wa ƙanwarki mai ciwon gaɓoɓin nan da ake kira rumatoyid ta guji hayaƙi da ƙura, ke kuma kina mamakin me ya haɗa hayaƙi da yatsun hannu. Wallahi ni ma da haka na ɗauka, hayaƙi iyakarsa tari da asma.

To, ki fara gane nata ba sanyin ƙashin tsufa ba ne. Garkuwar jikinta ce, wato sojojin da ke yaƙar ƙwayoyin cuta, suka ruɗe suka juyo kan mai gida. A wajenta gaɓoɓi suka sa a gaba. A wajen mai lufus kuwa, wani ciwon ruɗewar garkuwar, fata ce da ƙoda da sauransu, kuma cikin masu lufus goma kusan tara mata ne.

Yanzu ta ina hayaƙi ya shigo? Akwai wani ɓurɓushi a iska da ake ce wa PM2.5. Ki ciro silin gashi ɗaya ki dubi kaurinsa, ki raba shi gida 30, to kusan girmansa ke nan. Hanci ba ya iya tare shi. Yana zarcewa har ƙuryar huhu, inda iska ke haɗuwa da jini, ya zauna. Garkuwa ta taso masa, wurin ya kumbura. Yau haka, gobe haka, shekara da shekaru. A cikin wannan kumburin wasu furotin na jiki sukan sauya kama, sai garkuwa ta kasa gane su, ta ɗauka baƙi ne, ta ƙera musu makami. Wannan makamin shi ake nema a gwajin jinin anti-CCP, ina kyautata zaton an yi mata. Abin mamakin, akan same shi a jinin mutum shekaru kafin gaɓa ɗaya ta fara ciwo. Kin ji dalilin da ya sa likitoci da yawa ke ganin a wasu mutane wutar daga huhu take tashi, gaɓoɓi daga baya ta iske su.

Inda hujja ta fi ƙarfi shi ne taba sigari, sai ƙurar dutse irin wadda masu fasa dutse da haƙar ma'adinai ke shaƙa. Tun 1953 wani likita Caplan ya lura da haɗuwar ciwon huhu da rumatoyid a jikin masu haƙar kwal a Wales. Na iskar gari kuwa, a 2022 masu bincike a Jami'ar Verona ta Italiya sun duba mutum sama da dubu 80, suka ga waɗanda suka daɗe cikin gurɓatacciyar iska haɗarinsu na kamuwa da irin waɗannan cututtuka ya ƙaru da kamar kashi 12 zuwa 13 cikin ɗari. Ki lura, ƙaruwa ce, ba ninki ba. Akwai gado a ciki. Shi ya sa ku biyu iska ɗaya kuka shaƙa, ita ya kama ta, ke Allah ya tsare.

Amma kada wani ya raina kashi 12 ɗin nan, don iska kowa ke shaƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum 99 cikin 100 na shaƙar iskar da ta wuce ma'auninta, kuma kusan miliyan 7 ke mutuwa duk shekara ta dalilinta, akasari ma ta ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da cututtukan huhu. A 2021 sai da ta rage ma'aunin PM2.5 daga 10 zuwa 5. Landan a Disambar 1952, hazon hayaƙin kwal na 'yan kwanaki ya kashe dubbai, sai da suka yi doka a 1956 abin ya fara sauƙi. Ni a ganina wannan ɓangaren na hukuma ne, mutum ɗaya ba zai wanke iskar gari ba.

Na cikin gida dai yana hannunku. Kada kowa ya sha taba kusa da ita. Janareta a nesanta shi da taga. In ana girki da itace ko gawayi, a yi a sarari, ita kuma ta matsa. Ranar da ƙura ta yi yawa ta sa takunkumin N95, na yadi ba ya tare wannan ɓurɓushin sosai.

Sannan don Allah Anti, kada ta ce ai ta guji hayaƙi bari ta ajiye magani. Guje wa hayaƙi ba ya warkar da ciwon. Kuma shi rumatoyid ɗin kansa yakan taɓa huhu, maganin methotrexate da ake ba masu ciwon ma wani lokaci haka. In ta fara busasshen tari da ya ƙi tafiya, ko tana haki in ta hau bene, kada ta jira ranar asibitinta, ta je a duba ta. Ki gaishe ta, Allah ya ba ta lafiya.