Zafi ya fi sanyi saurin kashe maciji

Ɗana, tambayarka ita ce: tunda maciji dabba ce mai son ɗumi, kuma kowa ya san sanyi na hana shi cin abinci, me ya sa na ce ka rage ƙarfin fitilar akwatin mesar nan, har na hana ka ƙara ta biyu? A ganinka gara ɗumi ya yi yawa da ya yi kaɗan. To, a nan lissafinka ya karkace, kuma kusan duk wanda ya shigo wannan sana'a ta kiwon macizai da irin tunanin nan yake shigowa.

Ni da kai jikinmu na tsaye wajen digiri 37 a ma'aunin Salshiyas, ko ana sanyi ko ana zafi. Idan zafi ya matsa mana sai mu yi gumi, kare kuma ya yi haki. Maciji ba shi da wannan gatan. Fatarsa ba ta fitar da gumi, kuma zafin jikinsa na bin zafin wurin da yake kwance ne. Dabararsa guda ɗaya ce: ya tashi daga nan ya koma can. A daji yakan sha ɗumi har ya ishe shi, sannan ya sulale cikin rami, ko ƙarƙashin dutse, ko cikin suri. Ita wannan ƙaramar mesa mai dunƙulewa da kake kula da ita, asalinta yammaci da tsakiyar Afirka ne, inda rana ke dukan ƙasa ba wasa, amma wuni take yi a rami, sai dare ya yi ta fito farauta. Duk wanda ya ce maka macijin ƙasar zafi na son zafi, tambaye shi inda macijin yake da tsakar rana.

Da ka sa shi a akwati, ka ƙwace masa wannan dabarar, sai abin da ka mayar masa. Shi ya sa ba a ɗumama akwati gaba ɗaya. Gefe guda ake ɗumamawa, a bar ɗaya gefen da sanyi, a sa maɓoya a kowane gefe. Mesarka tana son gefen ɗumi ya tsaya tsakanin digiri 31 zuwa 33, gefen sanyi kuma 24 zuwa 27. Macijin masara, wanda asalinsa kudu maso gabashin Amurka ne, ya fi son ƙasa da haka: wajen 28 zuwa 30 a gefen ɗumi, 22 zuwa 24 a ɗaya gefen. Kowane iri da nasa, sai ka nemi sani kafin ka karɓi macijin da ba ka taɓa riƙewa ba. Abin da sababbin hannu ke yi shi ne su zuba ido a kan gefen ɗumi, su manta da na sanyi, alhali shi ne mafakar dabbar. Fitilar da ka so ƙarawa da ta cinye wannan gefen, akwatin ya koma zafi daga bango zuwa bango. Kuma ka lura da maganar maɓoya biyu, don maciji ya fi son ɓuya a kan lafiyarsa. In maɓoya ɗaya ce tak kuma tana kan wurin zafi, a ciki zai zauna yana dahuwa, ba zai fito fili ba.

Yanzu auna haɗarin biyu. A ce wuta ta ɗauke da dare, ɗaki ya sauka zuwa digiri 20. Mesar za ta yi sanyi, ta rage motsi, ƙila ta ƙi abinci, kuma in hakan ya ɗauki kwanaki ciwon numfashi na iya kama ta. Amma da safe za ka same ta da ranta, kana da lokacin gyara. Zafi ba ya ba ka wannan lokacin. Yawancin macizai, da zarar zafin jikinsu ya kai wajen digiri 40, ƙwaƙwalwa da jijiyoyi sun fara lalacewa, kuma ba ya buƙatar wuni, ƙasa da awa ɗaya ma ta isa ya ce ga garinku nan. Dubi tazarar: daga 33 da take jin daɗi zuwa 40 da ke kashe ta, digiri bakwai ne kacal.

Na ga kana sa tafin hannu a ƙasan akwati don ka ji ko ya yi ɗumi. Ka daina dogara da wannan. Fatar hannunka ita kanta tana wajen digiri 33, don haka wurin da ya dace da mesar ba za ka ji shi da wani ɗumin kirki ba, sai ka ga kamar ba a kunna komai ba. Ranar da hannunka ya ce maka “yawwa, yanzu ya yi”, to ya riga ya wuce kima. Ɗan ma'aunin nan mai allura da ake mannawa a jikin gilashi shi ma ban yarda da shi ba, iskar sama yake aunawa, maciji kuwa a ƙasa yake kwance. Ka sa ma'auni mai lamba a kowane gefe, daidai inda cikinsa ke taɓawa, sannan ka riƙa bi da ma'aunin nan mai kama da ƙaramar bindiga da ake nunawa daga nesa. Ɗaga maɓoyar, ture shimfiɗar gefe, auna gilashin ƙasa kansa, don maciji na tona shimfiɗa ya kwanta a kansa.

Duk abin da ke ba da zafi, fitila ce ko tabarmar lantarki da ake mannawa a ƙarƙashin akwati, ba a jona shi da bango kai tsaye. Sai ya bi ta na'urar daidaita zafi, wadda ke yanke wuta ko ta rage ta idan an kai lambar da ka saita. Tabarmar nan da kake gani siririya, in aka bar ta ba linzami tana iya haura digiri 45, musamman idan an lafta shimfiɗa mai kauri a kai zafin ya rasa mafita. Kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na ƙasan akwatin.

Sai dai ita ma na'urar tana da inda take cin amana, kuma a nan nake so ka buɗe kunne. Ba ta san komai ba sai abin da ɗan kan wayarta mai jin zafi ya gaya mata. Idan maciji ya ture shi ya koma gefen sanyi, ko ya zame ya faɗo waje, ko ruwa ya zube a kansa, na'urar za ta ɗauka akwatin ya huce, ta saki wuta gaba ɗaya ba tsayawa. Kai kuma ka zo ka ga lamba mai kyau a fuskarta, ka wuce da kwanciyar hankali. Don haka ka kafe kan wayar yadda ba zai motsa ba, amma ban da salatif a cikin akwati, yana manne wa maciji ya yage masa fata. Kuma na'ura na lalacewa, wani lokaci ta maƙale a kunne. Shi ya sa ma'aunin da kake dubawa kullum dole ya zama daban da na jikinta, ɗaya na tsaron ɗaya.

Ƙuna kuma babi ce mai zaman kanta. Abin mamaki, mesa na da 'yan ramuka a leɓenta da take jin ɗumin ɓera da su cikin duhu, amma za ta kwanta a kan abin da ke ƙona mata ciki ba ta tashi ba. Za ta nannaɗe jikinta a ƙwan fitila har fata ta soye. Saboda haka duk ƙwan da ke cikin akwati, musamman na tangaran mai ba da zafi ba haske, sai an rufe shi da kejin waya. Dutsen roba mai lantarki a ciki kuwa, wanda ake sayarwa wai don maciji ya hau ya sha ɗumi, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Ƙunar ba ta nuna kanta nan take. Bayan kwanaki sai ka juya shi ka ga fatar ciki ta yi ja, wani wuri ya yi ruwan ƙasa, bororo ya taso yana tsatsar ruwa. Daga nan ƙwayoyin cuta ke shiga jini. Ka kwashe shimfiɗar ka sa takarda mai tsabta, ka kai shi wurin likitan dabbobi. Warkewar na ɗaukar watanni, sai ya yi saɓa bayan saɓa, kuma sau da yawa tabon na nan har abada.

Akwai zafin da ba ya bi ta waya, wanda na'urarka ba ta da iko a kansa. Akwatin gilashi kusa da taga, da rana ta faɗo masa ya zama tanda, kuma wurin da ke inuwa da safe ba lallai ya kasance inuwa da la'asar ba. Mota a ajiye a rana ta fi wannan muni, ko na minti kaɗan ne kada ka bar maciji a ciki. A lokacin zafi kuma, idan ɗakin kansa ya kai digiri 30, babu sauran gefen sanyi. Kashe komai, ka sauke akwatin ƙasa ko ka kai shi ɗakin da ya fi sanyi. Na'urar daidaita zafi yankewa kawai ta iya, ba ta sanyaya wuri.

Macijin da zafi ya dama yana faɗa maka, in ka iya karatu. Zai lafe a bangon da ya fi nisa da fitila. Zai yi ta zagaye da rana tsaka yana tura hanci a murfi yana neman hanyar fita, har hancin ya goge. Zai shige kwanon ruwa ya ƙi fitowa. Wannan na ƙarshe ba zafi kaɗai ke kawo shi ba, maciji na jiƙa jiki idan zai yi saɓa, ko idan ƙananan ƙwarin nan baƙaƙe masu shan jini sun kama shi, amma ma'auni za ka fara ɗauka kafin ka zargi wani abu. In abin ya yi nisa sai ya wangale baki, ya amayar da abin da ya ci. Mafi muni shi ne ka ga ya ɗaga kai sama yana kallon rufi ba ya saukewa, ko yana murɗewa, ko ka kifar da shi ya kasa juyowa. Wannan taɓuwar jijiya ce. Akwai cututtukan da ke kawo irin haka, amma bayan zafi ya yi yawa ka san daga inda ta fito. Wani na farfaɗowa, wani kuma haka zai ƙare rayuwarsa da karkataccen kai.

Idan ka tarar da haka, cire shi nan take ka kashe wutar. Hankalinka zai ba ka ka zuba masa ƙanƙara ko ka sa shi a firji. Kada ka kuskura, saukar zafi farat ɗaya na iya ƙarasa shi. Ruwa mai ɗan sanyi kaɗan za ka samu, wajen digiri 25, marar zurfi, ka kwantar da shi a ciki kana tallafe da kansa, don macijin da ya fita hayyacinsa na iya nutsewa a ruwan da bai kai rabin yatsa ba. Ko ka shimfiɗa tawul mai laima ka ɗora shi a kai. Da ya dawo daidai, sai likita, ko da ka ga kamar ya warware, domin ɓarnar ƙoda ba a ganinta da ido. Kada ka ba shi abinci sai bayan mako ɗaya ko biyu, musamman in ya yi amai.

Akwai kuma zafin da ba ya kisa yau, digiri biyu ko uku sama da kima wata da watanni. Jiki na ƙona abinci da sauri, maciji na ci yana ramewa. Ruwan jiki na ƙafewa, saɓa ta riƙa fita guntu-guntu maimakon ta zare gaba ɗaya, ƙoda ta gaji. In ka kai ga harkar ƙwai, na wannan mesar ana riƙe su a digiri 31 zuwa 32 na kusan kwana 55 zuwa 60, kuma zafi ya haura ko na ɗan lokaci ne, sai 'ya'ya su mutu a ciki ko su fito da lanƙwasasshen gadon baya.

Gobe da safe kafin ka taɓa komai, auna wurare uku a akwatin nan: ƙarƙashin maɓoyar gefen ɗumi, tsakiya, da ƙarƙashin maɓoyar gefen sanyi. Ka sake aunawa da ƙarfe uku na rana, sannan da dare, ka rubuta duka a takarda ka kawo mini. Fitila ta biyun kuma mayar da ita cikin kwalinta.