Ko hoton na'ura zai gane sankarar mama ba sai an ɗebi tsoka ba?

'Yar'uwa, kin ce an ga ƙullutu a nonon Hajiyarku, kina tambaya ko akwai hoton da ke gane sinadaran da ke cikin ƙari, a huta da allurar ɗiban tsoka. Allah Ya ba ta lafiya.

Akwai shi. Ƙwayoyin sankara akwai haɗama, suna zuƙar sukari fiye da lafiyayyu. Masanin Jamus Otto Warburg ya lura da haka tun shekarun 1920. A kan wannan ne hoton da ake kira PET ya dogara. Mutum zai yi kamar awa 6 bai ci ba, a yi masa allurar wani sukari mai ɗan tururin nukiliya, ya kwanta shiru kamar awa ɗaya, sai inda ya fi shan sukarin ya haska a allon kwamfuta. Ɗaya hanyar kuma da na'urar hoto ta MRI ake yin ta, ana auna sinadarin kolin, wanda ke yawaita inda ƙwayoyi ke hayayyafa da sauri.

Amma fa mai shayarwa ma kolin kan tashi a nononta. Ƙurji ko kumburi kan haska a PET, ƙaramin ƙari kuma ya ɓuya. PET ya fi amfani wajen duba ko ciwon ya bazu, ko magani yana kama shi.

Ki lallashi Hajiya ta yarda da allurar nan, ita ce ke faɗin ko sankara ce da kuma irinta. Ku je asibitin Barau Dikko a nan Kaduna, ko na Shika da ke Zariya, da sakamakon hoton da aka riga aka yi mata a hannu.