Amsa ga mai tambaya kan tseren Canyon de Chelly na ƙabilar Nabaho

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka cewa sunanka ya fito a ƙuri'ar tseren kwazazzabon Canyon de Chelly mai kilomita 55 da 'yan ƙabilar Nabaho, 'yan asalin ƙasar Amurka, ke shiryawa a jihar Arizona, kai kuma a Houston kake zaune, ka saba gudun fanfalaki a kan kwalta amma ba ka taɓa yi a tudu ko cikin rairayi ba, kana so ka san ko za ka iya da abin da ya kamata ka tanada. To barka da arziki tukuna, don gurbin nan ba ya samuwa ta sauƙi, mutane kaɗan suke ɗauka duk shekara, wasu sun daɗe suna saka suna ba su dace ba. Na yi tseren, bari in gaya maka abin da na gani.

Za ka iya in sha Allahu, amma ka cire maganar lokaci daga ranka tun yanzu. Duk lissafin da kake yi a Houston na minti kaza a kowace kilomita, ka bar shi a gida. Garin Chinle inda ake tashi yana kan tudun da ya kai wajen mita 1,700 daga teku, Houston kuwa kusan daidai take da teku. A wannan tsayin nauyin iska ya ragu da kusan kashi 18 cikin 100, wato duk numfashin da ka ja oksijin ɗin da ke shiga jikinka ya ragu da kamar haka. Kana zaune ba za ka ji komai ba, sai ka fara gudu, gudun da a gida kake yi kana hira da na kusa da kai, can sai ka ji zuciya na dukan uku-uku alhali ƙafa ba ta gaji ba. Abin da ya yi min aiki shi ne na bi numfashina, in na ga ba zan iya furta jimla ɗaya cikakkiya ba sai in rage, ko da kuwa kowa na wuce ni. Da yawa daga waɗanda suka wuce ni da safe na tarar da su da rana suna jan ƙafa.

Ciwon tsauni mai tsanani galibi sai an haura mita 2,500 yake kama mutum, don haka kar ka tsorata, abin da za ka iya gani shi ne ɗan ciwon kai da rashin barci mai daɗi a kwanakin farko. In aiki zai bar ka, ka je kamar sati biyu kafin ranar ka zauna a Flagstaff ko Albuquerque, ita Flagstaff ta kai mita 2,100, shi ya sa manyan 'yan gudu na duniya ke zuwa atisaye can. In ba hali, ka je dab da ranar, kar ka wahalar da jikinka da atisaye a can, ka sha ruwa ka huta.

Ga wata magana da na fi so ka riƙe fiye da komai, kuma ba lallai ka ji ta a bakin abokan gudunka Turawa ba don ba ta cika shafarsu ba: ka san rukunin jininka na sikila? A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, da yawanmu kuma ba mu taɓa jin komai a jikinmu ba har mun manta da zancen. To gudu mai tsanani a kan tudu, ga ƙarancin oksijin ga ƙishirwa, su ne ainihin abubuwan da ke iya tayar da matsala ga mai AS, saifa na iya kamuwa, tsoka na iya lalacewa har ta taɓa ƙoda. Ba na ce mai AS ba ya gudu ba, akwai 'yan wasa da yawa masu shi, amma don girman Allah in kai AS ne ko ba ka sani ba, ka ga likita kafin ka sayi tikitin jirgi, ka faɗa masa tsayin wurin da nisan tseren. In kana cikin gudu ka ji ciwo mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, ko ƙafafu sun mutu lokaci ɗaya, ko fitsari ya yi baƙi-baƙi, ka tsaya nan take ka nemi masu kula da lafiya, babu jarumta a wannan.

Sai rairayi. Farkon hanyar cikin yashin rafi ne mai zurfi, ƙafa na nutsewa, kuma tunda hanyar zuwa da dawowa ce, wannan yashin shi zai sake tarbarka a ƙarshe lokacin da ba sauran ƙarfi. Ka gajarta taku, kar ka yi kokawa da shi, ka nemi inda tayar mota ta danne ko inda yake da ɗan danshi. Kana da Galveston kusa da kai, ka riƙa zuwa bakin teku kana gudu a busasshen yashin da ke can sama, ba mai laimar bakin ruwa ba. Ka sayi ƙyallen nan da ake ɗaurawa a wuyan takalmi don hana yashi shiga, ka riƙe safa ta canji, saboda wata shekarar rafin na da ruwa sai an yi ta tsallakawa, wata shekarar a bushe yake ƙayau, jiƙaƙƙiyar safa da yashi kuwa bororo ne kai tsaye.

Yanayin wurin a watan Oktoba irin hunturun Arewa ne in ya kankama, da asuba sanyi har yatsu su ƙage, iska a bushe, leɓe na tsagewa, da rana ta ɗaga kuma ta doke ka sosai. Haɗarin shi ne gumi na bushewa tun kafin ka gan shi, kai da ka saba da Houston inda riga ke jiƙewa sharkaf sai ka ɗauka ba ka zufa. Kana yi. Ka goya jakar ruwa, ka riƙa kurɓa akai-akai, ka haɗa da gishiri, ka sa hula da man leɓe, da riga mai dogon hannu da za ka iya cirewa.

Kusa da rabin hanya za ka wuce Spider Rock, wani siririn dutse ja da ya miƙe sama wajen mita 230 shi kaɗai a tsakiyar kwazazzabon, daga nan sai hawan Bat Canyon, sama da mita 300 cikin duwatsu har ka fito saman gaɓa inda ake juyowa. Ka taka da ƙafa kawai, kusan kowa haka yake yi. Saukowar ma ka yi a hankali, duwatsun na gangarowa.

Amma gaskiya abin da ya sa nake cewa ka manta da agogo ba iska da yashi kaɗai ba ne. Wurin nan gidan mutane ne. Har yau akwai iyalan Nabaho da ke noma da kiwon tumaki a cikin kwazazzabon, za ka wuce gonakinsu da ɗakunansu na gargajiya masu ƙofa tana kallon gabas, da dawakai suna kiwo, kuma a ranakun da ba na tsere ba baƙo ba ya shiga yawancin wurin sai da ɗan jagora. A 1864 sojojin Amurka ƙarƙashin Kit Carson sun shiga nan, aka lalata gonaki da dabbobi, aka sare itatuwan marmari, aka tasa ƙeyar dubban mutane a ƙafa sama da kilomita 450 zuwa Bosque Redondo a New Mexico, da yawa suka mutu a hanya da can, sai a 1868 aka yi yarjejeniya suka dawo. Jikokin waɗannan mutanen ne za su miƙo maka ruwa a hanya. Shaun Martin, ɗan ƙabilar wanda ya horar da yara gudu a Chinle, shi ya fara tseren a 2013, kuma ya gina shi ne a kan al'adarsu ta tashi da asuba a yi gudu ana fuskantar gabas. Kafin a tashi ana taruwa a yi addu'a irin tasu, sannan in kun shiga tsakanin duwatsun za ka ji mutane na kurma ihu, amon na dawowa daga bango zuwa bango, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Ni na yi sallar asuba tun a masauki, da suka fara nasu na tsaya gefe shiru cikin ladabi, ba wanda ya matsa min in yi wani abu. Azahar kuma na haɗa ta da la'asar tunda matafiyi ne ni.

Don haka kar ka ɗauki hoton mutum ko gidansa ba izini, kar ka yar da ko ledar alawa, kuma tsofaffin gine-ginen da za ka hango a jikin duwatsu irin su White House, waɗanda suka haura shekara 700, kallo kawai ake yi, ko fasasshen kasko ka gani a ƙasa ka bar shi inda yake. In ka ga dattijo ko dattijuwa a wurin ba da ruwa ka tsaya ka gaishe su da kyau, minti ɗaya ba zai rage ka da komai ba.

A ƙarshen tsere sarƙar wuya ta shuɗin dutse suke rataya wa wanda ya gama, aikin hannu, kuma ana dafa farfesun naman tumaki da soyayyar gurasa. In kana kiyaye maganar yanka kamar ni, ka ci gurasar ka gode musu, ka taho da dabino da ɗan guzurinka. Giya haramun ce a dokar ƙasar Nabaho, wato yankin da ƙabilar ke mulkin kanta, wannan kam ya yi mana daidai.

Masauki a Chinle kaɗan ne, ka kama ɗaki tun yau. Daga filin jirgin Albuquerque tafiyar kusan awa huɗu ce a mota ta Gallup, ka cika tanki a can don gidajen mai na da nisa da juna, sabis ɗin waya ma yana ɗaukewa. Sannan ka kula da agogo ta wannan fuskar: ƙasar Nabaho na canza lokaci da bazara, sauran Arizona ba ta canzawa, don haka a Oktoba Chinle na gaban Phoenix da Flagstaff da awa ɗaya, waya kuma takan rikice ta ɗauko wancan. Ka tambayi masu masauki ƙarfe nawa ne ka saita da hannunka kafin ka kwanta. In ka ga likitan ka dawo ka faɗa mana abin da ya ce, sai mu tsara atisayen watannin da suka rage. Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya.